Ba Ɗaci Ne Maganin Ciwon Suga Ba

Hausawa na cewa suna linzami ne, wato inda ya karkata can tunanin mutane ke nufa. Ina ganin babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar a kan cutar nan da ake kira ciwon suga ko ciwon sukari. A harshen da na tashi da shi, wato Yarabanci, ana ce mata ito suga, ma'ana fitsarin sukari. Likitocin Indiya na zamanin da ma fitsarin zuma suka kira ta, domin sun lura kiyashi na taruwa a inda mai ita ya yi fitsari. Kowa dai zaƙi ya kama ya riƙe. To, daga wannan suna ne aka haifi wasu hukunce-hukunce biyu da nake ji a gida da kasuwa da cikin motar haya. Na farko, wai idan mutum ya bar shan sukari ya gama da cutar. Na biyu, wai tunda zaƙi ne ya kawo ta, ɗaci ne zai kore ta. A ra'ayina waɗannan maganganu biyu suna cikin manyan abubuwan da ke kai iyayenmu ga makanta da wankin ƙoda da yanke ƙafa, alhali kuwa suna ganin ƙoƙari suke yi.

Bari in fara fayyace irin ciwon da nake nufi, domin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya fi kama yara da matasa, inda jiki ke daina yin sinadarin insulin gaba ɗaya, mai shi kuwa ba ya rayuwa sai da allura. Ba shi ne a gabana ba. Ina magana ne a kan nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, kuma shi ne ke jikin fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon suga a duniya. Duk abincin da muka ci mai sitaci, ciki yakan narkar da shi ya koma wani irin sukari da ake kira gulukos, ya shiga jini. Akwai wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi wadda ke samar da insulin, shi kuma aikinsa ya shigar da gulukos ɗin nan cikin tsoka da hanta don jiki ya mora. A nau'i na biyu insulin yana nan, amma jiki ya daina jin maganarsa, kamar yaron da aka cika yi wa tsawa. Daga baya gaɓar ta gaji, abin da take samarwa ya ragu. Sai gulukos ya taru a jini yana cin ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa sannu a hankali, shekara da shekaru, mai shi bai ji ko ciwon kai ba. Gado na da hannu a ciki, haka ma teɓa da rashin motsa jiki da yawan shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon suga sun tashi daga miliyan 200 a shekarar 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma fiye da rabinsu ba sa shan magani.

Mai karatu ya lura da kalmar sitaci da na ambata, domin nan ne sunan cutar ya yi mana rufa-ido. Ƙanwar mahaifiyata, wadda aka gano tana da ciwon shekaru shida da suka wuce, ta yi wa sukari saki uku tun ranar da ta dawo daga asibiti. Ko a shayi ba ta jefa ƙwaya ɗaya. Amma da dare za ta zauna gaban amala malmala uku, da safe kuma koko kofi biyu da burodi, ta ce ai babu zaƙi a ciki. Wata da watanni awonta ya ƙi sauka, har ta fara zargin cewa ƙwayoyin da ake ba ta na jabu ne. Abin da ba wanda ya zauna ya yi mata lissafinsa shi ne, ƙwayar sukari ɗaya nauyinta kusan giram 4 ne, kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa kuwa yana ɗauke da sitaci kusan giram 45. Tuwon masara, tuwon shinkafa, teba, sakwara, taliya, waina, duk idan suka sauka ciki hanyarsu ɗaya ce. Harshe ne kawai ke bambanta mai zaƙi da marar zaƙi, jini bai san wannan bambanci ba.

Sai kuma abin da 'yan kasuwa suka raɗa wa suna abincin masu suga: garin alkama, acca, garin ɗanyar agada. Ana sayar da su da tsada, mai ciwo kuma ya ɗauka ya sami lasisin cin malmala huɗu. Gaskiya ne hatsin da ba a surfe shi ba, wanda dusarsa ke jikinsa, ya fi jinkirin shiga jini, kuma wannan alheri ne. Amma dukansu sitaci ne. Wanda ya ci ƙaramar malmalar tuwon dawa da miyar ganye mai yawa ya fi wanda ya cika kwano da tuwon alkama ya ɗiga masa miya ludayi ɗaya. Masana abinci suna da wani awo mai sauƙi da ba ya buƙatar sikeli: a raba faranti biyu, rabi ya zama ganye da kayan lambu, irin su alayyahu, zogale, rama, kuɓewa, kabeji, yalo da gurji; sauran rabin a sake raba shi biyu, ɗaya na wake ko kifi ko ƙwai ko nama, ɗaya na tuwo ko shinkafa, gwargwadon dunƙulen hannun mai ci. Duba da kyau za ka ga babu abin da za a sayo daga babban kanti. Kwaɗon zogale da alale da faten wake duk abincin talaka ne.

Inda zaƙi ke da laifi na gaske shi ne a abin sha, domin ruwa ba ya tsayawa a narkar da shi. Kwalbar lemo ɗaya ta gilashi tana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato ƙwaya takwas ko tara. Lemon nan baƙi da ake kai wa marar lafiya dubiya wai don ya ƙara jini, shi ma cike yake da sukari. Haka zoɓo da kunun zaƙi da fura idan an zuba musu yadda masu sayarwa ke zubawa. Zuma ma, duk darajarta, tana ɗaga awo, haka mazarƙwaila da rake. A shekarar 2022 gwamnatin Nijeriya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka sa wa sukari, amma ban ga wanda naira goma ta hana shi shan lemo a gidan biki ba.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya a yi nazari. A yawancin gidajenmu, da zarar an ce wane yana da suga sai a ware masa tukunya. Kowa na cin shinkafa da miya da soyayyen nama, shi kuma a tura masa wake marar mai a wani ɗan kwano, kamar wanda ake hukuntawa. Ana yin haka ne da kyakkyawar niyya, amma ni ban ga gidan da abin ya ɗore ba. Icce ko gas na girki biyu tsada gare shi, mai girki takan gaji, mai ciwon kuma ɗan Adam ne, ƙamshin tukunyar gida na shiga hancinsa. Bayan mako uku ya fara satar ci, daga nan a fara faɗa, daga nan kowa ya sa ido. Idan mai ciwon uwar gida ce abin ya fi muni, domin ita ce ke raba abinci, ita ce ke ci daga ƙarshe, abin da ya rage mata kuwa ƙanzo ne da tuwo, ganye da nama sun ƙare a kwanon maigida da na yara. Ni a ganina tukunya ɗaya ya kamata a riƙe, amma a gyara ta: a ƙara ganye, a rage mai da gishiri, a ƙanƙanta malmala ga kowa. Abincin da ya dace da mai suga bai cutar da kowa ba, kuma 'ya'yan da ke zaune a tabarmar nan su ne suka fi kowa hatsarin gadon ciwon. Sai kuma mu masu ziyara mu rage kara. Idan dattijo ya ce ya ƙoshi, ko ya ce ba ya shan lemo, a bar shi. Wannan "haba Baba, ai ɗaya ba ta kisa" da muke yi a wurin suna da biki, idan mutum goma suka faɗa masa a mako ɗaya ta zama goma.

Mu dawo kan ɗaci. Shuwaka, garahuni, ganyen darbejiya, sassaƙen maɗaci, namijin goro, babu wanda ban ji an ce shi ne maganin suga ba, kuma hujjar ɗaya ce kullum, wai ɗaci na kashe zaƙi. A baki haka ne. Amma cutar ba a baki take ba. Ba ina nufin a raina tsirrai ba ne, domin ƙwayar metformin, wadda ita ce likitoci suka fi farawa da ita a duk duniya, asalinta daga binciken wani tsiro ne da Turawa suka daɗe suna jiƙawa, kafin wani likitan Faransa mai suna Jean Sterne ya gwada ta a kan masu ciwon a 1957. Bambancin shi ne an tace ta, an auna ta, an san nawa ke aiki, nawa ke cutarwa, an kuma san cewa mai ciwon ƙoda mai tsanani ba ya shan ta. Mai jarka da lasifika a tasha bai san ƙarfin abin da ya dafa jiya da na yau ba, bai kuma auna ƙodar kowa ba. Duk wanda ke son miyar shuwaka ya sha abinsa, ganye ne mai amfani. Barnar tana wurin da ake cewa "ka sha wannan kwana arba'in ka zubar da ƙwayoyin asibiti." Mai ciwon zai zubar ɗin, kuma ba zai ji komai ba, tunda dama ciwon ba ya ihu. Sai bayan shekara ko biyu a kawo shi ido ya dushe.

A nan ina ganin mu masu nazarin harshe muna da ta cewa. Idan Bahaushe ya ji kalmar magani, abin da ke biyo baya a ransa shi ne warkewa: ka sha, ka warke, ka ajiye. Haka zazzaɓin cizon sauro ya koya mana. Saboda haka idan ma'aikacin asibiti ya ce "ga maganinki," ita kuma ta sha wata ɗaya ta ji ƙishirwa da yawan fitsari sun tafi, a fahimtarta ta warke, komawa asibiti ɓata kuɗin mota ne. Na taɓa yi wa wata dattijuwa 'yar unguwar Sabo tafinta a gaban likitan da ba ya jin Hausa, na ga yadda fuskarta ta canja da na ce mata ciwon nan lallaɓa shi ake yi kamar hawan jini, ba a sallamarsa. Ta ce shekara uku ba wanda ya faɗa mata haka. Hausa kuwa tana da kalmar da ta dace, wato lafawa. Wuta takan lafa ba ta mutu ba. A wani bincike da aka yi a Birtaniya aka buga sakamakonsa a 2017, kusan rabin masu ciwon da aka sa cikin tsarin rage ƙiba mai tsanani sun kai shekara guda awonsu daidai ba tare da ƙwaya ba. Wannan labari ne mai daɗi ga mai ƙiba da bai daɗe da kamuwa ba. Amma su kansu masu binciken lafawa suka kira shi, domin idan ƙiba ta dawo ciwon ma yakan dawo, kuma likita ne ya janye musu ƙwayoyin yana aunawa.

Adalci ne kuma in faɗi cewa ba jahilci kaɗai ke kai mutane wurin mai jarka ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, kuma 'yan tsinkayen da ake sa wa na'urar awo sun zama abin da ake lissafi kafin a taɓa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga tsarin, amma mai sayar da goro da mai faci da 'yar tireda yawancinsu daga aljihu suke biya. Wanda ya rasa kuɗin ƙwaya sai ya koma sha yau ya tsallake gobe, ya ɓoye wa likita don kunya, likita kuma ya ga awo ya hau ya ƙara masa wata ƙwayar da ta fi tsada. Gara a faɗi gaskiya, domin akwai metformin marar babban suna mai rahusa da ke aiki iri ɗaya. A ganina kuma, gwamnatin da ke karɓar harajin lemo ya kamata ta zuba kuɗin a ƙananan asibitocin unguwa, a sami ƙwayar nan da gwajin jini a farashin da talaka zai iya.

Gwajin kuwa shi ne idon mai suga, tunda jikinsa ba ya ba shi labari. Yawancin na'urorin da ke hannun mutane miligiram suke nunawa. Idan an auna jini a asibiti da safe kafin a karya aka sami 126 ko sama, aka kuma maimaita aka tabbatar, to ciwon ne. Ga wanda ke shan magani, abin da aka fi nema shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa biyu bayan ci, sai dai likita na iya sassauta wa tsoho. Idan na'urarka ƙananan lambobi take nunawa irin su 7 ko 11, ninka su sau 18 ka sami na farko. Akwai wani gwaji mai suna HbA1c da ke nuna matsakaicin awo na wata biyu zuwa uku, ana so ya tsaya ƙasa da kashi 7 ga yawancin manya, amma ba a dogara da shi ga mai cutar sikila. Idan kuma shekaru suka ja ƙwaya ta kasa, likita ya ce a koma allurar insulin, kada a ɗauka ajali ne ya matso kamar yadda ake raɗawa. Gaɓar ce ta gaji ake kawo mata ɗauki. Tun 1922 ake yi wa mutane wannan allura, bayan gano ta a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921. Rashin wutar lantarki ma ba hujja ba ce, domin a Sudan an daɗe ana adana ta cikin sanyin randa.

Ga wani abin da zai ba masu wa'azin ɗaci mamaki: akwai lokacin da sukari ne ke ceton ran mai suga. Wanda ke yin allura ko shan ƙwaya irin glibenclamide, idan ya sha bai ci abinci ba ko ya yi aikin ƙarfi, awonsa na iya faɗuwa ƙasa da 70. Sai gumi ya keto masa, jiki na rawa, zuciya na bugawa, ga jiri, wani ma ya fara sambatu har a ce iska ce ta taɓa shi. A nan take a ba shi ƙwayar sukari huɗu ko rabin kwalbar lemo, a sake aunawa bayan minti 15, sa'annan ya ci abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti. Na san gidan da aka ɓoye duk sukarin da ke ciki saboda Baba, ranar da ya faɗi sai maƙwabta aka ruga.

Wannan ne ya sa azumi ke buƙatar shiri, ko na watan Ramadan ne ko wanda ake yi a coci. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ga likita mako shida zuwa takwas kafin a fara, ya duba ko mutum zai iya, ya kuma canja masa lokaci da yawan magani. A jinkirta sahur, a buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya ko biyu, a yi hankali da kunu da ƙosai da dankali da ake jerawa a sha ruwa. Tsira yatsa don awo ba ya karya azumi. Ƙa'idar da likitoci suka tsara ita ce a ajiye azumin idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame, malamai sun san haka.

Motsa jiki ba sai na ja shi ba. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, ita ce minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema. A sauka daga acaɓa kafin a kai gida, a ɗan taka bayan cin abincin dare. Mai shan sigari ya bari, a riƙa auna hawan jini, a duba ido da ƙoda sau ɗaya a shekara ko da ba a jin komai.

Saura ƙafa, wadda ita aka fi mantawa da ita. Idan ciwon ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji, har mutum ya taka ƙusa ya wuni da ita bai sani ba, jini kuma ba ya isa wurin sosai balle miki ya rufe da wuri. Yawancin ƙafafun da ake yankewa daga ɗan ƙaramin rauni suka fara. Mai suga ba ya yawo ba takalmi ko a tsakar gida, kuma yakan zazzage takalminsa kafin ya sa. Bayan wanka ko alwala ya tsane tsakanin yatsu. Da hunturu ya shafa mai a diddige saboda faso, amma kada ya kanga ƙafa a kaskon garwashi ko ya tsoma ta a ruwan zafi, domin zai ƙone bai ji ba. Ya gwada ruwan da gwiwar hannu tukuna. Masu yankan farce da ke yawo da almakashi suna kankare kaushi da reza, ya ba su haƙuri. Kowane dare ya dubi tafin ƙafarsa, ko da madubi ne, idan kuma ido ya yi rauni ɗa ko jika ya duba masa. Hutu na tafe, da yawanmu za mu tarar da mai wannan ciwo a gida. Ka ce Baba ya miƙo ƙafa ka duba ƙarƙashinta da tsakanin yatsu. Idan ka ga ƙuje ko kumburi ko wurin da ya canja launi, kada a sa toka ko man shanu a jira kasuwa ta ci, washegari a kai shi asibiti.